Godiya ga ofishin kagonmu na Xiaobei da ya fitar da mu daga kasuwa muka ga gari

Zuwa ga Alhaji mai ofishin kago, wato jigilar kaya, na unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, da ɗaukacin ma'aikatansa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Ya aiki, ya jama'a, ya kuma fama da mu 'yan kasuwa masu buga waya tsakar dare muna tambayar inda kwantena ta kwana?

Ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuta wannan a fili maimakon in tura maka saƙon murya, domin ina so abokan sana'a su ji. A kan batun kaya ba ni da sabon zance. Ana auna dila a gaban mai ita, a ba shi rasit, kaya su isa Kano lafiya. Wannan kowa ya sani, shi ya sa ma muke dawowa. Godiyata ta yau a kan yinin nan ce da kuka ware kuka zagaya da mu cikin gari, lokacin da masana'anta ta ɗage mana ranar ba da kaya, muka rasa abin yi sai kwanciya a otal da lissafin kuɗin ɗaki.

Na daɗe ina sauka Guangzhou, amma da za a ce in zana garin, ba zan wuce benen Tianxiu, kasuwannin Sanyuanli, sito, da rumfunan baje koli na Pazhou ba. Yawancinmu haka muke. Gari ne da ya haura shekara 2,200 da kafuwa, amma abin da muka haddace a cikinsa farashin yadi ne da lambar ajan.

Da yaronka ya karanta mana tsarin ranar, ya ce za a fara da wurin ibadar mabiya addinin Buddha da ake kira Liurong, sai mota ta yi tsit. Wani dattijo a cikinmu ya ce shi dai ƙafarsa ba za ta taka gidan gumaka ba. A nan ne na fara ganin tarbiyyar ma'aikatanka. Tafintan da ka haɗa mu da shi, matashin nan Musulmi ɗan ƙabilar Hui, bai yi gardama ba, bai kuma yi dariya ba. Ya ce, "Baba, ba dole. Akwai shagon shayi kusa da ƙofa, direba zai zauna da kai." Sannan ya juyo gare mu ya faɗa mana abin da za mu tarar: fili, hasumiya, da zauruka masu gumaka a ciki. Ba wanda zai ce mu rusuna. In an miƙo mana turaren tsinke, mu ɗaga hannu mu yi godiya mu wuce. Baba ya sha shayinsa, mu muka shiga. Ba a yi masa kallon mai tsauri ba, mu ma ba a yi mana kallon waɗanda suka saki layi ba.

Wurin tsoho ne ƙwarai, tun shekarar 537 aka kafa shi. Hasumiyar da ke tsakiya, wadda suke kira hasumiyar fure saboda yadda bakin rufin kowane hawa ya lanƙwasa sama, an sake gina ta a 1097. Tsayinta ya kai mita 57, kusurwarta takwas, fenti ja da fari. Daga waje hawa 9 za ka ƙirga, amma a ciki 17 ne. Sunan wurin kuwa wani shahararren marubuci kuma jami'in gwamnati, Su Shi, ya bar musu shi. Ya biyo ta nan a 1100, ya ga ceɗiya shida a harabar, ya rubuta musu haruffa biyu da hannunsa, Liu Rong, wato ceɗiya shida, sunan ya bi wurin. Ceɗiyoyin na asali sun daɗe da mutuwa, rubutun ne ake ta kwafa ana ratayewa a ƙofa.

Ni mai son ɗaukar hoto ne, kowa a layinmu na Kwari ya san ni da wannan ciwo, saboda haka a nan na fi jin daɗin aikinku. Da farko dai kun kai mu da sassafe, rana ba ta yi sama ba, jan fentin bai ƙone a hoto ba. Na biyu, ashe sai da tafintan ya duba kalandar wata ta Sinawa kafin ya tsayar da rana, domin ran 1 da ran 15 ga watansu wurin cika yake maƙil da masu ibada, ba ka samun inda za ka tsaya balle ka saita kyamara. Wannan ba abin da baƙo zai sani ba ne. Filin kuma matsattse ne, duk inda na ja da baya sai hasumiyar ta ƙi shiga, ko a yanke mata kai ko a yanke gindi. Sai ya ja ni wani lungu kusa da katanga, ya ce in durƙusa in miƙar da kyamarar tsaye. Nan take ta shiga gaba ɗaya, ga reshen itace ya leƙo daga gefe, ga hayaƙin turare yana ratsa ƙasan hoton.

Ya kuma koya mana ladabin wurin tun kafin mu yi abin kunya. Ba a taka dokin ƙofa, tsallake shi ake yi. Masu ibada suna zagaya hasumiyar tana hannunsu na dama, don haka kada mu tsaya musu a hanya. Ba a haska wa mutum fitilar kyamara yana tsakiyar addu'arsa. A cikin babban zaure akwai manyan gumakan tagulla uku da aka ƙera a 1663, kowanne ya kai mita 6, ya ce kada mu ɗauke su hoto, masu wurin ba sa so. Ni da ma ban yi niyya ba, gini na zo ɗauka da aikin hannu, sai ga shi ƙa'idarsu da ra'ayina sun zo ɗaya.

Akwai wata tsohuwa da na daɗe ina kallo. Ta fito da lemo daga jakar leda ta jera a kan tebur, ta goge kowanne da gefen rigarta, sannan ta riƙe tsinken turare uku a goshi, bakinta na motsi. Hannunta nake so in ɗauka, fatar duk ta tattare, amma ban ɗaga kyamara ba sai da ta gama, tafinta ya nemi izini. Ta yarda. Daga nan kuma ita ta ce sai an ɗauke ta da mu, wai hularmu ta burge ta. Ta tsaya tsakaninmu, kanta bai kai kafaɗata ba, tana dariya tana gyara wa abokina zaman babbar riga.

Wurin ibada na biyu, Guangxiao, wanda ya girmi Liurong, ba mu daɗe a cikinsa ba. Mutanen gari suna cewa kafin a yi birnin an yi shi. A nan ne aka aske Huineng, ɗaya daga manyan malaman addinin a ƙasar Sin, a shekarar 676, aka binne gashin aka gina ƙaramar hasumiya a kai. Na ɗauki wasu tsofaffin hasumiyoyin ƙarfe guda biyu na ƙarni na 10, muka fito, domin azahar ta gabato.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda kuka ɗaure tsarin yinin a jikin lokutan salla, ba tare da mun roƙa ba. Daga can da ƙafa muka taka zuwa masallacin Huaisheng a titin Guangta, aka ɗauko Baba a mota ya same mu. Wanda bai sani ba zai ɗauka wani wurin ibadar Sinawa ne, domin rufin da ƙofofin duk irin ginin ƙasar ne. Hasumiyar ce ta fita daban: zagayayya, sumul, ruwan toka, mita 36, ba ado ko ɗaya. Ina ganinta na tuna Gobarau ta Katsina. A da bakin kogi take, jiragen fataken Larabawa da Farisa suna ganin fitilarta su san sun iso. Yau kogin ya ja da baya, benaye sun kewaye ta, sai ka sha wuya kafin ka sami hoton da wayar lantarki ko na'urar sanyaya ɗaki ba ta shigo ba. Mun yi salla sahu ɗaya da 'yan Hui, 'yan Pakistan, Larabawa da 'yan Mali. Baba da ya ƙi shiga wurin farko, a nan sai da aka yi ta jiransa.

Ina ƙara yaba wa tafintanka a kan gaskiya. Mutanen wurin suna danganta kafa masallacin ga Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, har akwai kabarin da ake cewa nasa ne kusa da lambun Yuexiu, inda 'yan uwanmu da yawa ke sallar Juma'a. Da wani ne, da ya sayar mana da labarin yadda yake, mu yi ta kabbara. Shi kuwa cewa ya yi wannan ruwayar mutanen garin ce, amma littattafan tarihin Musulunci sun nuna Sa'ad ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Abin da ba a jayayya a kai shi ne masallacin yana cikin mafiya tsufa a ƙasar Sin, kuma fatake ne suka kawo addinin ta teku. Mu da muka zo fatauci, wannan ma ya ishe mu abin alfahari.

Abincin rana a shagon Musulmi mai alamar halal kuka kai mu, taliyar nan ta Lanzhou da ake ja da hannu a gabanka, da romon naman sa. Ba sai mun yi ta leƙen tukunya muna zargi ba.

Da la'asar muka je gidan zuriyar Chen, wanda aka kammala a 1894 da kuɗin da masu wannan suna daga gundumomi 72 na lardin Guangdong suka tara, don 'ya'yansu masu zuwa jarrabawar shiga aikin gwamnati su sami masauki. Yanzu gidan adana kayan sana'ar hannu ne. Duk mai sayar da yadi ya kamata ya ga wurin nan. Saman rufin cike yake da mutane da dabbobi na tangaran, bangon bulo an sassaƙa shi har gashin tsuntsu ana gani, ƙofofin katako kuwa huda su aka yi kamar leshi. A nan ne kawai zan yi ƙorafi, ranka ya daɗe: lokacin da aka ba wurin ya yi kaɗan. Ina cikin ɗaukar sassaƙar wata ƙofa aka ce mota na jira. Hasumiyar Canton mai mita 600, wadda aka buɗe a 2010, daga jirgin ruwa muka gan ta da dare tana sauya launi. Kyakkyawa ce, amma hotonta na cikin wayar kowa, da an rage mata an ƙara wa gidan Chen da na fi so.

Wani abu kuma da ba zan bari ya wuce ba: tun safe har dare ba a tsaya da mu a shagon ganyen shayi ko na duwatsun ado an ce mu "duba kawai" ba. Mu 'yan kasuwa ne, mun san yadda ake cin la'ada a bayan baƙo, mun kuma lura ba a ci a bayanmu ba. Kuɗin mota da na shiga wurare da aka faɗa mana da safe, shi muka biya da dare. Da muka haɗa ɗan alheri muka ba tafinta, sai da ya kira ofis ya nemi izini kafin ya karɓa.

Roƙona biyu ne. Ku mai da wannan zagaye abin yi duk lokacin baje kolin Afrilu da na Oktoba, ku liƙa sanarwa a ofis, domin mutane da yawa suna so amma ba su san wa za su tambaya ba. Sannan ku samo mace tafinta saboda hajiyoyinmu masu zuwa sarin kaya, su ma suna da kwanakin jira irin namu.

Hotunan na wanke wasu, zan ba da a kawo muku ta hannun mai tahowa, har da na tsohuwar nan, ko tafinta zai dace ya sake ganinta ya ba ta. A gaishe min da shi, da direba, da yaran sito. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare dukiyar mutane da ke hannunku, Ya saka da alheri.

Naku,
Wani ɗan kasuwar yadi daga Kantin Kwari, Kano.