Wa Hajiya Za Ta Zaɓa?

Jos, 19 ga Fabrairu, 2023

Aminina Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da zafin Jidda. Mu nan hunturu bai gama sakinmu ba. Ka dai san Jos, ruwan alwalar asuba sai an ɗora a wuta.

Saƙonka ya iso, har sau biyu na saurara. Ka ce tunda ku mazauna waje ba a ba ku damar jefa ƙuri'a, in je gida in faɗa wa Hajiya da ƙannenka wanda za su dangwala wa ranar Asabar mai zuwa. Na gwammace in rubuto maka a tsanake, don in muka fara a waya ƙarshenta gardama ce irin wadda muka saba a teburin mai shayi. Na je, na gaida Hajiya, na sha kunun gyaɗa, amma ban kama mata sunan kowa ba.

Ka tuna 2015? Ni da kai muka bi gidajen Anguwar Rogo ɗaya bayan ɗaya muna koya wa tsofaffi inda tsintsiya take a takarda. A kasa, a tsare, a raka. A rumfar zaɓe muka yi magariba da isha'i. Da aka ce Jonathan ya buga waya ya amince da shan kaye, kai ne ka fashe da kuka a bakin titin Bauchi, kada ka musa. Lokacin litar fetur naira 87 ce, bayan shekara ɗaya da 'yan makonni ta koma 145. Akwai wata tsohuwa a layinku da na riƙe wa hannu har bakin akwati. Tun daga nan duk inda muka haɗu sai ta ce, "Ɗan nan, ina canjin?" Shekaranjiya na gan ta a layin mai POS, ta ɗaga mini wata tsohuwar ɗari biyar ta ce, "Ashe wannan canjin kuke nufi." Dariya aka yi, ni kuwa kunya ta kama ni. Ba ina cewa ba a yi komai a shekara takwas ba, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na shige shi. Amma shi ɗin ma aka tare a watan Maris na bara, kuma ɗana Abba wata takwas ya yi a gida saboda yajin aikin malaman jami'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na daina ɗaukar wa kowa alhakin ƙuri'arsa.

Bari in ba ka labarin kasuwa, don a can nake auna komai yanzu. Tunda aka sauya fasalin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu ɗaya, Farin Gada ta zama abin tausayi. Manomi zai taso daga Bokkos da buhunan dankali, ya ce kuɗi hannu yake so, don ƙauyensu ba banki ba sabis. Kai kuma kuɗinka na cikin waya. Ranar Talata na tura wa wata mata kuɗin buhu goma sha biyu, an cire a wajena, ita ba ta gani ba. Muka zauna a kan buhunan tun hantsi har la'asar muna kallon waya kamar masu jiran watan Sallah. Kabejin maƙwabcina a gabanmu ya yi laushi, da yamma ya karyar da shi rabin kuɗi. Ni da kaina sai da na biya mai POS ladan dubu biyu kafin ya ciro mini dubu goma, wato kuɗina na saya da kuɗina. Jawabin da shugaban ƙasa ya yi ranar Alhamis ya dawo da tsohuwar ɗari biyu kawai, zuwa 10 ga Afrilu. Masu cewa an yi ne don hana sayen ƙuri'a suna da hujjarsu, amma wanda ya kwana da yunwa ai ya fi sauƙin saye.

Wannan matar da muka zauna tare, shekara tara muna ciniki da ita. Kirista ce, kuma ba ta ɓoye ba, Peter Obi za ta zaɓa. Na tambaye ta me ya yi mata. Ta ce ba ta taɓa zuwa Anambra ba, amma jam'iyyar da ta ɗauki Musulmi biyu ta nuna ba ta buƙatarta. Na so in yi mata gardama, sai na tuna a majalisarmu ma rabin masu goyon bayan Tinubu da Shettima ba su da wata hujja sai wannan ɗin, an juya ta. Ita tana zaɓe don tsoro, mu muna zaɓe don tsoro, kuma motar haya ɗaya ke ɗaukar dankalinmu.

Abin da ke ba ni mamaki, a garin nan aka yi babban taron SDP a watan Maris na 1993, inda Abiola ya sami takara, daga baya ya ɗauki Babagana Kingibe. Musulmi biyu ne, ƙasa ba ta tsage ba, har mutanen Kano suka bar Bashir Tofa ɗan gida. A Jos ɗin nan kuma PDP ta tsayar da Obasanjo a 1999. Amma wancan Jos ne kafin Satumban 2001, kafin gobarar kasuwar Terminus, kafin Nuwamban 2008 da zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya zama abin da ya zama. Kai ka san wanda muka binne a lokacin. Shi ya sa duk ɗan siyasar da ya hau mumbari ko ya shiga coci yana ce mana zaɓen nan jihadi ne, nake kallonsa ina tunanin ko 'ya'yansa na garin.

To su 'yan takarar fa? Jam'iyyu 18 ne a takarda, amma magana a kan huɗu take. Tinubu a filin wasa na Rwang Pam ya buɗe yaƙin neman zaɓensa a watan Nuwamba, gwamnanmu Lalong ne ma daraktan yaƙin. Ya riƙe Legas daga 1999 zuwa 2007, an ce ya iya tara haraji, ya iya zaɓo ma'aikata. Direbobinmu da ke kai kaya kasuwar Mile 12 su ma suna da nasu labarin a kan kuɗin da ake karɓa a hanya. Kuma jam'iyyarsa ce ke kan mulki, ba za a ce mini tsintsiyar daban ce ba. Atiku tun wancan taron na 1993 yake nema, ya san ƙasar ciki da bai, ɗan kasuwa ne, sai dai shi ya jagoranci sayar da kamfanonin gwamnati zamanin Obasanjo, kuma har yau ina tambayar wa ya saya. Obi ana yaba masa tsimi da tattali, matasa sun rungume shi, amma jam'iyyarsa ba ta da gwamna ko ɗaya, kuma kada ka manta shi ne mataimakin Atiku a 2019. Kwankwaso aikinsa na gani da idona, gadojin Kano da yaran talakawa da ya tura karatu waje, ɗan ƙanwar matata na ciki. Amma tsarin mulki ya ce ban da rinjaye, sai ka sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi, jiha 24 ke nan. Jar hula ta kai can? Wasu na cewa ƙuri'ar asara ce. Ni ban cika yarda ba, don Malam Aminu bai taɓa mulkin Najeriya ba, kuma ba wanda ya ce masu zaɓen PRP sun yi asara.

Ga abin da ba a faɗa a majalisa: Tinubu da Atiku da Obi, dukkansu sun ce za su cire tallafin mai. Duk wanda ya hau, kuɗin mota daga Bokkos zuwa Farin Gada zai tashi. Tambayar da nake yi ke nan, in an cire, wa zan iya yarda ya riƙe kuɗin? Na rage su zuwa biyu, ina ta istihara, kuma ba zan faɗa maka ba sai na fito daga rumfa, don na san halinka, kafin gari ya waye ka baza ni a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu.

Abin da na yi a gidanku shi ne na sa kowa ya fito da katinsa na duba lambar rumfa. Na Rabi ya ɓata, wannan karon sai haƙuri. Na zana musu alamomin a bayan kwali, tsintsiya, lema, uba da uwa da ɗa, da kwandon kayan marmari, don ba hoton ɗan takara a takardar. Na ce wa Hajiya kada ta damu in na'urar BVAS ta ƙi karanta yatsanta saboda lalle, tana duba fuska ma. Ta bar ni na gama bayani tsaf, sannan ta ce ita tun kafin a haife mu take siyasa, ta riga ta san inda za ta dangwala, kuma in gaya maka ka turo kuɗin maganinta ta hannun wanda zai kawo tsabar kuɗi, ba ta waya ba.

Ranar zaɓe ni zan kai ta da sassafe, mu dawo gida kafin a fara ƙirga. Na sayi buhun masara na ajiye saboda halin ko-ta-kwana. Ka sa mu a addu'a in ka je Harami. Maman Abba na gaida Maman Ummi.

Naka har kullum,
Garba