Kada Lambar KV Ta Ruɗi Masu Sayen Injin Jirgin Tsere

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da matasanmu mazauna Jidda da suka rungumi tseren ƙananan jiragen ruwa masu rimot, da kuma iyayen da kuɗin wasan ke fitowa daga aljihunsu. Tun da aka yi tseren farko na gasar E1 ta jiragen ruwa masu lantarki a gaɓar Obhur da ke nan Jidda cikin Fabrairun 2024, na lura sha'awar abin ta ƙaru a tsakanin 'ya'yan Hausawan unguwarmu. Ni kuwa gyaran na'urar sanyaya ɗaki da famfunan ruwa ne sana'ata, saboda haka duk injin da ya ƙone shagona ake kawo shi.

Na baya-bayan nan na ɗan yayata ne. Ya tara kuɗinsa wata da watanni, ya sayo inji maras burushi ta intanet domin jirginsa mai tsawon santimita 80, ya zo yana murna ya ce, "Kawu, wanda ya fi kowanne lamba na zaɓo." Bai cika minti biyu a kan ruwa ba jirgin ya tsaya cak. Da na buɗe injin sai ƙaurin ƙonannen fenti ya buge ni, wayoyin tagullar da ya kamata su yi ja sun koma baƙi ƙirin, kuma maganaɗisun ya yi sanyin da yatsa biyu ke juya sandar ba tare da wata turjiya ba. Yaron ya yi shiru, ni ma abin ya sosa mini rai, domin kuskuren ba na ganganci ba ne, rashin mai yi masa bayani ne.

Inji maras burushi ya fi tsohon samfuri nesa ba kusa ba, tunda babu burushin gawayi da zai riƙa gogar sanda yana cinyewa. Wayoyin ne ke tsaye, maganaɗisu ke juyawa, wani ɗan akwati da ake kira ESC kuma yana tura wuta ta wayoyi uku bi da bi. Sai dai lambar KV da ake rubutawa a jikinsa ba ma'aunin ƙarfi ba ce, kuma a nan yaranmu ke faɗawa rami. Abin da take nufi shi ne yawan juyin da injin zai yi cikin minti ɗaya a kan kowane bolt idan ba ya ɗauke da kaya. Kowace ƙwayar batirin LiPo, wato batirin caji da ake sa wa jiragen nan, tana ba da bolt 3.7, saboda haka batir mai ƙwaya huɗu, wato 4S, bolt 14.8 ne, mai shida kuma 22.2. Injin ɗan yayata KV 3,300 ne, ya haɗa shi da 4S, lissafi ya kai juyi 48,840 a minti, alhali waɗanda suka daɗe a wannan wasa sukan nemi tsakanin 25,000 da 35,000 ga jirgi irin nasa. Da ya ɗauki KV 2,200 da ya samu 32,560. Wanda ke da 6S kuwa KV 1,500 ya ishe shi, domin zai ba shi 33,300. Ke nan batir ake fara tsayarwa, sannan a nemo injin da ya dace da shi.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne zafi. Idan injina biyu girmansu ɗaya, mai KV babba naɗin wayarsa kaɗan ne, don haka sai ya zuƙi wuta mai yawa kafin ya murɗa farfelar da ɗan uwansa ke murɗawa da wuta kaɗan. Zafin da ke tashi a waya kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar, domin idan wutar ta ninka biyu zafin ninkawa huɗu yake yi, kuma batir da ESC da mahaɗan wayoyi duk sai sun ɗanɗana. Maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari yakan fara rasa ƙarfinsa da zarar ya wuce digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa ko injin ya huce.

Lambar da ta fi nuna ƙarfi ita ce ta girman jiki. Idan an rubuta 3674, kauri milimita 36 ne, tsawo 74, haka 4082 kauri 40, tsawo 82. Jirgi mai tsawo da nauyi inji mai babban gwangwani, wato babban jiki, yake buƙata, kuma ESC ɗin ya zama na jirgin ruwa, mai iya ɗaukar wuta fiye da wadda injin zai ja.

Farfela ce abin da ake rainawa, ga shi ita ke yanke wa inji hukunci. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma a bisa lissafi, idan aka sauya farfela mai faɗin milimita 40 da mai 45 irin ƙirarta, aka ce ta yi juyi iri ɗaya, ƙarfin da za ta nema zai ƙaru da kusan kashi 80 cikin ɗari. Milimita biyar ɗin nan da ido ba ya ɗauka a bakin komai sun isa su ƙone inji mai lafiya. Shawarata ita ce a fara da ƙarama, a yi gudun minti ɗaya, a fito da jirgin a auna zafin inji da ESC da batir. Ni dai idan inji ya haura digiri 70 ba na yarda a ƙara girman farfela, ko da yaro zai yi fushi da ni.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda masu ba da shawara daga Turai da Amurka ba sa lissafawa, tunda galibinsu a tafkunan ruwan daɗi masu sanyi suke wasa. Injin jirgi da ruwan da yake gudu a kai ake sanyaya shi, ta siririn tiyo da ke kai ruwa cikin rigar da ta zagaye gwangwanin. Ruwan Bahar Maliya kuwa yakan kai digiri 30 a lokacin zafi, kuma gishirinsa ya kai kusan giram 40 a kowace lita, sama da na yawancin tekuna. Ruwa mai ɗumi ba ya kwashe zafi sosai, gishiri kuma idan ya bushe yana toshe tiyo, yana cin boris. Saboda haka wanda zai yi wasa a nan ya sassauta KV da farfela fiye da abin da ya gani a bidiyo, ya tabbatar ruwa na tsartuwa daga gefen jirgi yayin gudu, in ya dawo gida kuma ya ɗura ruwan famfo cikin tiyon, ya zare sandar farfela ya shafa mata giris, ya ɗiga wa boris mai.

Ɗan yayata ya koma ruwa da inji 3674 mai KV 2,200 da farfela milimita 40, kuma ranar Juma'ar da ta wuce mun auna zafinsa bayan gudu muka samu digiri 58. Ina roƙon masu sana'ar lantarki da ke cikin al'ummarmu, a Jidda da Makka da Madina, su riƙa zama da yaran nan su yi musu wannan lissafi kafin su biya kuɗi.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki,
Jidda, Saudiyya.