Amsa ga Alhajin Bagalam kan kafson "nano" na ciwon hanta

Assalamu alaikum Alhaji. A hilin lahiya na rediyo ka bugo waya ka ce a tambaye ni, tunda sana'ata farmasi: kafson kurkum ɗin nan da ake talla nan Maradi da sunan "nano", wai yana kashe ciwon hanta B? Kuma ƙanenka zai iya aje tenofovir, maganin ciwon hanta B da yake sha, ya koma mishi?

Don Allah kar ya aje, ko na sati guda.

Ilimin "nano" kanshi gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Ka zuba garin kurkum cikin kofin ruwa ka gani, kwantawa yake ƙasa, amma cikin mai nan take ya rina shi rawaya. To haka sinadarin kurkumin yake a ciki, hanji ba ya tsotse shi sosai, ɗan abin da ya wuce kuma hanta ta farfasa shi kafin ya yi wani aiki, shi ya sa masana suke ƙunsa shi cikin ƙananan ƙwayoyin kitse, su ne ake ce ma "nano", wasu ba su wuce nanomita 100 ba (nanomita ma'auni ne na ƙanƙanta), alhali kaurin silin gashi ya kai wajen 80,000. Irin wannan ƙunshin kitse ne ya ɗauki rigakafin korona na Pfizer da Moderna a 2020. Na Novavax kuwa har da sinadarin ɓawon wani icce na ƙasar Chile a ciki. Ka ga icce ba abin rainawa ba ne.

Sai dai shi kurkumin, yawancin nasarar da ya yi kan bairos cikin kwalabar gwaji ce da jikin ɓeraye. Babu hukumar magani da ta yarda da shi don ciwon hanta B. Kuma abin da ya fi tada min hankali, an sha samun mutanen da hantarsu ta lalace a Italiya da Amurka sanadin kafson kurkum da aka ƙara ma ƙarfin shiga jini. Wanda hantarshi ke ciwo ne za a ba wannan?

Tenofovir ba ya fidda cutar kwata-kwata, danne ta yake. In aka bari tana iya tasowa da ƙarfi, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. Na ga masu dawowa haka, Alhaji, ba kyan gani.

Ka amshi kwalbar ka kai ma likitan da ke duba shi. Matarshi da yara kuma a yi musu awon jini, wanda bai ɗauka ba a yi mishi rigakafi.