Kafin a sayi injin kwance noti mai batir

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ka ba mu fili mu ja hankalin masu motocin da ke taɓa ɗan gyara da hannunsu a gida, musamman masu shirin sayen injin kwance noti mai batir. Yawancin masu saye lambar da ke jikin kwali suke bi, duk wanda lambarsa ta fi girma shi ne nasu. To, ba nan gizo ke saƙar ba.

Akwai injuna biyu masu kama da juna. Ɗaya bakinsa rami ne mai kusurwa shida, faɗin kwata inci, aikinsa ɗaura sukuru a katako. In aka tilasta masa notin taya, ɗan ƙarfen da ke haɗa shi da soket ne ke tsinkewa. Na mota shi ne mai kai mai kusurwa huɗu wanda soket ke hawa kai tsaye, kuma mai rabin inci ake nema, don shi ne ya dace da soket lamba 17, 19 da 21 da yawancin tayoyi ke ci.

Ƙarfin murɗawa da ma'aunin Nm (Newton-mita) ake auna shi. Notin tayar ƙaramar mota tsakanin Nm 100 da 140 ake ɗaure shi. Toyota Corolla 103 take so, Honda Civic 108. Amma kwancewa ta fi ɗaurewa cin ƙarfi, saboda tsatsa da zafin birki kan manne noti da zarensa, balle in wanda ya ɗaura na ƙarshe ya taka sifana da ƙafa. Shi ya sa masu ƙera injin ke rubuta lamba biyu, ta ɗaurewa da ta kwancewa, sai su buga babbar da manyan haruffa. A duba duka biyun. Injin da ke ɗaurewa da Nm 400 zuwa 700 ya ishi mai mota a gida: taya, birki, har babban notin da ke riƙe da shaf, wanda a motoci da dama ya haura Nm 200. Manyan da suka wuce Nm 1,000 na masu manyan motoci ne. Nauyinsu da batir ya kai kilo 3, ba sa shiga lungu, kuma kafin mutum ya ɗaga yatsa sun tsinke ƙaramin bol. In an rubuta ft-lb, wani ma'aunin ƙarfin murɗawa, maimakon Nm, a ninka lambar da 1.36 a samu Nm.

Batir mai 18V da mai 20V Max abu ɗaya ne, ƙwayoyi biyar ne a jere, wani ya ƙirga su a cike, wani a tsakiyar aiki. Injin da aka rubuta wa 88VF ko 388VF a kan batir mai girman tafin hannu kuwa, wannan lambar ado ce, ba wuta ba. Abin dubawa shi ne Ah, wato yawan cajin da batirin ke ɗauka. Mai 2Ah yakan sare da zarar noti ya yi gardama, mai 4 ko 5Ah kuwa galibi layin ƙwayoyinsa biyu ne, yana ba injin wutar da yake nema. A zaɓi injin da ba ya amfani da buroshin gawayi, mai matakan gudu uku ko huɗu.

Soket ma nasa daban ne: baƙi, mai kauri, mai kusurwa shida. Farin nan mai ƙyalli na sifanan hannu ne, dukan injin na iya tarwatsa shi ya yi tsalle cikin ido. Duk ƙarin sanda da aka sa tsakanin inji da soket tana shanye wani kaso na ƙarfin, don haka gajere ya fi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen mayarwa. Wannan injin ba ya auna abin da ya ɗaure, bugu kawai ya sani. A fara ɗaura noti da yatsu, zagaye uku ko huɗu. In ya cije, zaren bai hau daidai ba, kuma inji zai niƙe shi ne ba tare da an ji ba. Sannan a sa inji a matakin gudu mafi ƙanƙanta a kai notin kusa da ƙarshe, ana tsallakawa daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa, kada a bi layi. A sauke jak, a ƙarasa da sifanan awo mai yin ƙas in ya kai adadin da littafin motar ya faɗa. Ɗaurin da ya wuce ƙima yana miƙar da bol har ya tsinke a kan hanya, wanda bai daidaita ba kuma yana sa faifan birki ya zauna a karkace, sitiyari ya riƙa rawa in an taka birki. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake gwada su.

Kada a kai injin kan filogi, ko notin zubar da baƙin mai, ko notin taya mai makulli, waɗannan aikin hannu ne. Batirin kuma kada a bar shi a but ɗin motar da ke cikin rana. In zai daɗe a ajiye, a bar shi da rabin caji a inuwa.

Naku,
Wasu makanikai masu karanta jaridarku