Gaisuwar Kirsimeti zuwa gida Gombe

Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti. Ya sanyin hunturu, ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sai kewar gida. Na aiko da saƙo ta hannun Yaya. A sayi shinkafa da kaji, a ɗinka wa Auta kaya, sauran a sa a baiko. Kada a manta da kwanon gidan Alhaji, su ma ba su taɓa mantawa da mu ba da Babbar Sallah.

Mama, kin ce bana ma sai an binciki jaka a ƙofar majami'a, motoci kuma a ajiye su nesa. Maganar ta tsaya mini a rai. Nan Ingila ba mai tare ka a ƙofa, amma na ga majami'un da aka mayar gidajen kwana. Ku kuwa ko a Janairun 2012, da 'yan bindiga suka faɗa wa masu addu'a a wata majami'a cikin garin Gombe, Lahadi na zagayowa kuka ɗauki Littafi Mai Tsarki kuka fita. Ina yarinya lokacin, tsoro nake ji. Yanzu na san abin da kuka koya mana ke nan.

Kirsimeti ma da tsanani ta zo. A Matiyu sura 2, ba a gama murnar zuwan masana taurari ba Hirudus ya sa aka karkashe yara maza na Baitalami, Yusufu ya kwashi Maryamu da jariri cikin dare sai Masar. Mai Cetonmu ya yi gudun hijira tun yana goye. Saboda haka iyalan nan da suka gudo daga Borno, waɗanda Zumuntar Mata ke kai wa abinci, Ya san halin da suke ciki.

Kullum ina tuna Leah Sharibu. An kwashe ta tare da wasu 'yan mata daga makaranta a Dapchi a Fabrairun 2018, aka saki sauran da ke raye, ita aka riƙe don ta ƙi musun Yesu, tana da shekara 14. Ga Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda a hannun masu garkuwa da shi yake gode wa Allah, har suka kashe shi a Janairun 2020. Duniya gani take sun yi asara. Ni ban yarda ba. Ubangiji Ya ce ladan waɗanda aka tsananta wa sabili da Shi mai yawa ne a sama, a Ru'ya ta Yohanna 2:10 kuma Ya yi alkawarin rawanin rai ga mai aminci har mutuwa. Bai taɓa saɓa alkawari ba.

Auta, kai nake ji wa tsoro, don na ga abin da kake rubutawa a Facebook in ranka ya ɓaci. Karanta Ayyukan Manzanni sura 7. Istifanus ya ga sama a buɗe, ana jifansa yana roƙa wa masu jifan gafara. Ka tsaya kan bangaskiyarka, amma kada ka zagi addinin kowa.

Baba, a sa Leah da iyayenta cikin addu'ar safe. A gaishe da Fasto, da Gwaggo a Billiri, da 'yan mawaƙa. Ranar ina da aiki, amma zan kira da yamma in kun taso daga sujada.

'Yarku