Wasiƙa ga Abba kan Omar Assar da ƙwallon tebur

Assalamu alaikum, ɗana Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da kocinku da abokan atisayenka. Saƙonka ya iso, har da hotunan bidiyon Omar Assar, ɗan wasan ƙwallon tebur na Masar, guda shida da ka haɗo, da maganar da ka rufe da ita cewa kana so ka ajiye karatu ka nemi hanyar Alƙahira ko Jamus. Na kalle su duka. Biyar a ciki iri ɗaya ne: Assar ya ja baya can nesa da tebur, yana ɗaga ƙwallo sama, abokin karawarsa yana dukan kawo wuƙa, ƙarshe shi ya ci makin, 'yan kallo na ihu. Abin sha'awa ne, amma ka sani irin wannan makin ba ya wuce ɗaya ko biyu a wasa guda, kuma alama ce ta cewa an riga an kore shi daga bakin tebur yana neman tsira. Masu yanka bidiyo ba sa nuna maka sauran makin arba'in da aka gama cikin bugu uku ko huɗu.

Fara da lissafin shekarunsa. An haife shi a 1991 a garin Dasuƙ, lardin Kafr el-Sheikh, a yankin da kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya shiga teku. Ya fara zuwa Olamfik a Landan a 2012, ya koma a Rio a 2016, duk bai yi nisa ba. Sai a Tokyo, a 2021, yana da shekara 30, ya kai zagayen 'yan takwas. Shekara tara ke nan tsakanin zuwan farko da ranar da duniya ta san shi. A tsakanin nan yana buga wa kulob-kulob na Turai wasa mako-mako, ciki har da Werder Bremen da Borussia Düsseldorf a Jamus, inda kowace Lahadi akwai wanda ke neman ya ci abinci da sunansa. Bayan Tokyo ya sake kaiwa 'yan takwas a gasar duniya ta Durban a 2023, ya maimaita a Paris a 2024. Kuma ko wannan ƙofar ba shi ya fara buɗe ta ba, namu ne, Aruna Quadri, wanda ya doke Timo Boll na Jamus a Rio ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai wannan mataki a Olamfik. Assar da Aruna sun daɗe suna karɓe kofin Afirka daga hannun juna, kuma kowannensu ya wasa ɗan'uwansa kamar wuƙa da dutse.

Abin da nake so ka tsaya a kai shi ne yadda Assar ya ci wasanninsa na Tokyo. Mattias Falck na Suwidin, wanda ya zo na biyu a gasar duniya ta 2019, sai da suka kai zagaye na bakwai, wato na ƙarshe da ke raba gardama a wasan. Chuang Chih-yuan na Taiwan ma haka, huɗu da uku. Sannan Ma Long na China ya tsayar da shi. Wanda ya ci zagaye na bakwai sau biyu a jere ƙafafunsa ne ba su mutu ba bayan kusan awa guda, kuma yana da sabis, wato bugun farko da ake buɗe kowane maki da shi, wanda ya amince da shi idan maki ya kai tara da tara. Waɗannan biyun ana gina su ne a ɗakin atisaye, ba kowa na kallo.

Game da salonsa kuwa, kada ka kwafa. Mutumin ya kusa mita biyu a tsawo. Idan ya ja baya taku biyu ya buɗe hannuwa, ya rufe kusurwoyin tebur duka. Kai da ka ɗauko gajartar kawunnanka, idan ka bar bakin tebur ka ba da filin da ƙafarka ba za ta iya ciko shi ba. Naka shi ne ka tsaya kusa, ka tari ƙwallo tana tasowa, ka rage wa abokin karawa lokaci. Dogo kuma yana da nasa rauni: gwiwar hannun da yake riƙe da bat, wurin da zai yanke shawara ko ya buga da cikin hannu ko da bayan hannu. Duk dogon da ka haɗu da shi, can za ka riƙa aika masa, sannan ka sauke masa gajeriya a gaban raga ta ɓangaren cikin hannunsa, ya sunkuyo.

Yanzu sabis, wanda na lura a bidiyon wasanka na jiha cewa shi ne ramin da kake faɗawa. Ka san dokar: ƙwallo a buɗaɗɗen tafin hannu, a jefa ta sama aƙalla santimita 16, kuma tun 2002 ba a yarda ka ɓoye ta da kafaɗa ko hannu ba. A gida alƙalai na kau da kai, a gasar ƙasa da ƙasa gargaɗi ɗaya za a yi maka in an yi, sai a fara ba wancan maki. Gyara shi tun yanzu. Sabis ɗinka da kake kira gajere ba gajere ba ne. Gajere shi ne wanda in an ƙyale shi zai faɗi sau biyu a ɓangaren abokin karawa. Naka faɗuwarsa ta biyu tana wuce bakin tebur da kamar taƙi guda, wato daidai inda mai ƙarfin hannu ke son ta. Dalili biyu ne. Kana taɓa ƙwallon tana sama da tsayin raga, don haka take tsalle, kuma faɗuwarta ta farko a ɓangarenka tana kusa da kai. In kana son gajere, bari ta sauko kusan tsayin raga, wato santimita 15 da kwata, ka shafi ƙasanta da bakin roba da saurin wuyan hannu, ta fara faɗuwa wajen tsakiyar ɓangarenka ko gaba kaɗan. In kana son dogo mai gudu, ta fara faɗuwa dab da farin layin da ke gabanka. Nemi bokiti da ƙwallo ɗari, minti talatin kullum kafin kowa ya zo. Shimfiɗa takardar littafi a inda kake nufi, ka ƙirga nawa suka hau ta cikin ɗari, ka rubuta. Sabis biyu sun ishe ka a bana, mai juyin baya da marar juyi, amma da motsin hannu iri ɗaya sak, har kocinka ya kasa bambancewa.

Karɓar sabis kuma ido ne. Kada ka kalli ƙwallo a sama, kalli bat ɗinsa a daidai lokacin da ya taɓa ta. In ka rasa, dubi tambarin da ke jikin ƙwallon: in kana ganinsa sarai, babu juyi. Yawancin ƙwallon da kake ɗagawa sama a kashe ka, marar juyi ce ka ɗauke ta mai juyin baya ka buɗe bat.

Ƙafa, a taƙaice. Atisayen nan da ake kira Falkenberg, bayan hannu ɗaya, ka zagaya ka buga cikin hannu daga wannan kusurwar, ka ruga ɗaya kusurwar, minti bakwai kai minti bakwai abokinka. Ƙara da kwandon ƙwallo da koci zai riƙa jefo maka ba tsayawa, sau uku a mako. Ciwon ƙugu da na kafaɗa suna kama wanda ke miƙa hannu maimakon ya matsa da ƙafa.

Bat ɗinka. Na ga ka manna sabuwar roba ta yi kumburi a tsakiya. Ko dai ka haɗa kafin gam ya bushe, ko ka ja robar da ƙarfi lokacin mannawa. Shafa gam mai ruwa siriri a kan katako da kan soson robar, ka jira har farinsa ya washe ya zama garau, ka ɗora daga wajen mariƙi, ka mirgina kwalba a kai a hankali ba tare da ja ba, sannan ka yanke gefe da sabuwar reza. Roba da sosonta kada kaurinsu ya wuce kimanin milimita 4, ana aunawa a manyan gasa. Duk wanda ya kawo maka wani mai ya ce ka shafa wa soso ya ƙara gudu, ka ce masa ka gode. Haramun ne a doka, tsohon gam mai wari ma an hana shi tun 2008. Ƙurar hunturu tana kashe kamun roba, ƙwallo ta riƙa zamewa ƙasa, saboda haka goge ta da ɗan ruwa da soso bayan kowane atisaye ka rufe da leda. Kada ka bar ta cikin mota a rana. Mai atisaye kullum, wata biyu zuwa uku robarsa ta gama aiki ko da ido bai nuna ba. Wannan kuɗi ne, ka sa shi a lissafi.

Tunda an zo kuɗi, ga yadda abin yake. Matsayin duniya ana lissafa shi ne da sakamakonka takwas mafi kyau cikin wata goma sha biyu, kuma kowane maki yana mutuwa bayan shekara. Ma'ana dole ka yi ta tafiya, jirgi da masauki da abinci, kuma wanda aka cire a zagayen farko sau da yawa ba ya mayar da kuɗin tikitinsa. Shi ya sa irin su Assar albashin kulob ne ke riƙe su, gasa kuma ta ɗaga suna. Ba kuma a shiga gasar WTT, wato jerin gasannin ƙwararru na duniya, da ka, sai hukumar ƙwallon tebur ta ƙasarka ta sa sunanka. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi da fasfo zai kai ka kulob a Turai ba tare da sanin hukuma ba, ka turo min lambarsa kawai, kada ka ba shi ko sisi. Ranar da kwantiragi na gaskiya ya zo, abin dubawa shi ne wa zai biya haya da tikiti, wa zai nemo biza, wasa nawa aka lamunce za ka buga, da ko za a sake ka idan ƙasa ta kira.

Masar ba da rana ɗaya ta kai nan ba. Alƙahira ta karɓi gasar duniya tun 1939, kuma manyan kulob irin su Al Ahly da Zamalek suna da sashen ƙwallon tebur da ke renon yara tun suna ƙanana. Daga irin wannan reno Hana Goda ta fito, ta zo Legas a 2022 ta ɗauki Kofin Afirka na manya tana da shekara 14. Kai kana da 17. Ban faɗa don in karya maka gwiwa ba, sai don ka san waɗanda za ka tarar a can, kuma ka gane kulob ɗin Alƙahira ba ya neman wanda bai gama da na gida ba.

Don haka ga shawarata. Karatu ba za a ajiye ba. Ka gama jarrabawarka ta bana, atisaye awa biyu da safe ranakun da babu makaranta, awa biyu da yamma kullum, Juma'a hutu. Ka shiga duk gasar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 19 da ta samu. Tun 2023 ana kawo gasar WTT Legas. Idan lokacinta ya yi zan biya maka kuɗin mota ka je kallo, amma ka fi zama a ɗakin ɗumama jiki in an bari, da littafi a hannu, ka ga abin da suke yi awa guda kafin wasa. In ka kai huɗun ƙarshe a ƙasa sau biyu, mu zauna da kocinka mu yi maganar Alƙahira da gaske.

Ka turo min lissafin takardar nan na mako biyu, nawa cikin ɗari kowace rana. Kuɗin roba biyu suna hannun yayarka, baƙa da ja, kada ka sayi mai soson da ya fi wanda kake amfani da shi tauri. Mamanka tana gaishe ka, ta ce ka daina kwana da rigar atisaye. Ka gaida kocinku da kyau.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.