Wasiƙa zuwa ga ɗana mai shirin zuwa Civita di Bagnoregio

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Na samu saƙonka cewa za a tura ku Civita di Bagnoregio, tsohon ƙauyen da ke kan tudu a ƙasar Italiya, aikin awon tsofaffin gine-gine. Na yi murna ƙwarai, amma ina gudun kyan wurin ya ɗauke maka hankali ka dawo da hotuna kawai.

Kafin ka hau gadar da ta haɗa ƙauyen da garin Bagnoregio, ka tsaya a ɓangaren Bagnoregio ka ƙare wa tudun kallo daga gindi zuwa sama. Can ƙasa yumɓu ne, wanda teku ta bari tun zamanin da ta rufe yankin. A kansa akwai dutse mai laushi da mutanen can ke kira tufo, wato tokar da duwatsu masu aman wuta na wajen tafkin Bolsena suka zubar, ta daskare. Ƙauyen yana zaune a kan wannan dutse. Koguna biyu, Rio Chiaro da Rio Torbido, suna cin gindin tudun, ruwan sama kuma yana jiƙa yumɓun har ya yi laushi ya zame. Da zarar ya zame, dutsen da ke sama ya rasa madogara, sai ya tsage daga sama zuwa ƙasa, ruwa ya bi tsagar ya ƙara buɗe ta, wata rana gefen tudun ya ɓalle da duk abin da ke kansa. Haka gidan Bonaventura, malamin Kirista da aka haifa a garin a ƙarni na 13, ya tafi kusan gaba ɗaya. Ka san yadda kwazazzabo ke cinye gidajen bakin gari a wajenmu bayan damina. Cutar ɗaya ce, sai dai a can tana aiki a ƙarƙashin dutse.

Mutanen Etruriya, tsohuwar al'ummar tsakiyar Italiya, su ne suka kafa garin, fiye da shekara 2,500 da suka wuce, kuma sun san da matsalar. Su da Rumawan da suka gaje su sun haƙa magudanai don kawar da ruwa. Da aka yi sakaci da magudanan, aka kuma sare itatuwan gangare, zaizayar ta ƙara sauri. Girgizar ƙasa ta 1695 ta yi mummunar ɓarna, a 1699 aka mayar da kujerar bishop zuwa Bagnoregio, jama'a suka yi ta ƙaura. Sojojin Jamus sun fasa tsohuwar gada a 1944. Wadda za ka bi an gina ta a 1965, tsawonta kusan mita 300, da ƙafa ake hawa, kuma ana biyan kuɗin shiga. Mazaunan dindindin yanzu ba su kai ashirin ba.

Ƙofa ɗaya ce ta rage, Porta Santa Maria, wadda aka fafe a jikin dutse. Zakunan da ke jikinta riƙe da kan mutum tunawa ce da boren 1457, lokacin da mutanen garin suka kori iyalan Monaldeschi na birnin Orvieto da ke mulkinsu. Daga nan babbar hanya ta miƙe zuwa dandalin cocin San Donato, wanda har yau ƙasa ce zalla ba a shimfiɗa masa dutse ba. In za ka shiga cocin, ka shiga da ladabi, wurin ibadar mutane ne.

A gidajen, ka lura da matakalar waje da suke kira profferlo: tana hawa ta jikin bangon gaba zuwa ɗan baranda, ƙarƙashinta kuma baka ce da ke rufe ƙofar shago ko turken dabbobi. Iyali a sama, sana'a a ƙasa. Ka auna tsayin kowane taki da faɗinsa ɗaya bayan ɗaya, kada ka auna guda ka ninka, domin aikin hannu ne, ba sa zuwa daidai. Bangon ma ka auna kaurinsa a gindi da kuma wajen taga ta sama.

Inda na fi so ka daɗe shi ne ƙarƙashin gidajen. Kusan ko'ina an haƙa ɗakunan ajiya, rijiyoyin tara ruwan sama da wuraren matsar man zaitun. Ka nemi izini ka sauka da tocila. Duk tsagar da ka gani, ka rubuta inda ta nufa, faɗinta a milimita, da ko tana tsatsafo. Tsagar da ta bi layi ɗaya da bakin tudu ta fi kowace haɗari, don alama ce gefen yana rabuwa da uwar dutsen. Ka kuma bi kowane indararo har ka ga inda ruwansa ke ƙarewa.

Za ka ga wuraren da aka yi gyara da siminti. Tufo yana shan ruwa yana fitarwa. Siminti ya fi shi tauri, yana toshe danshi a ciki, gishiri ya taru, dutsen ya riƙa marmashewa a gefen facin. Kwaɓin farar ƙasa da yashi shi ne ya dace da shi. A gefen arewa kuma injiniyoyi sun haƙa rijiyoyi masu zurfi na kankare, daga cikinsu suka cusa ƙarafa suka ɗaure dutsen da ke shirin ɓallewa. Gidan tarihin zaizayar ƙasa da ke Palazzo Alemanni yana da bayanin wannan, ka fara da shi.

Ka sa takalmi mai kama ƙasa, kada ka tsallake shinge don neman awo ko hoto, musamman bayan ruwan sama. A gidajen abinci ka tambaya kafin ka ci, yankin suna yawan dafa naman aladen daji. Ka kuma duba lokacin bas na ƙarshe daga Bagnoregio zuwa Orvieto ko Viterbo tun da safe.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. In ka gama zanen da ke nuna gida da ramukan ƙarƙashinsa, ka turo mini in gani. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka